Yatsu Huɗu a Ƙofar Coci

Shekarata hamsin da uku. Gemuna ya yi fari, gwiwata ta hagu tana sanar da ni zuwan ruwa kafin masu rediyo su farga, amma har yau Yaya ba ta kirana da komai sai Auta. Ko a gaban leburori haka ne. Na taɓa roƙonta ta riƙa cewa "magini" idan muna cikin mutane, ta ce ita ta goye ni har na yi mata fitsari a baya, ba za ta fara ba ni girma yanzu don na riƙe cokalin gini ba.

Ni magini ne ɗan magini. Da dattawan coci suka yanke shawarar gyara tsohuwar majami'armu, wadda ta haura shekara ɗari da ashirin a tsaye, ni suka damƙa wa aikin dutse. Na so a ce gwanintata suka duba. Gaskiyar magana, sauran maginan garin sharuɗɗan suka ji suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ginin yana cikin jerin ofishin kula da kayan tarihi, shi ya sa aka haɗa mu da wata jami'a, siririya mai tabarau, wadda ba ta rabuwa da kyamara da ɗan burushi. Ba mu cika mako da ita ba Kafinta, abokina tun muna yara, wanda ke gyaran ƙyamare da bencuna, ya raɗa mata suna Kar-a-taɓa. A gabanta dai Malama muke cewa.

Dokokinta biyu ne. Duk dutsen da za a ɗaga sai an ɗauki hotonsa, an rubuta masa lamba da alli, sannan ya koma inda aka same shi yana kallon inda yake kallo. Ta biyu kuma, ba ta ga maciji da siminti. Mutanen farko da farar ƙasa da yashi suka yi gininsu, duk simintin da aka liƙa daga baya, in ji ta, yana riƙe damshi yana cin dutse, dole ya fita. Wata huɗu na yi ina ƙwaƙule siminti daga tsakanin duwatsu da cizal da ƙaramar guduma, ni da na shafe shekara talatin ina cusa shi a gine-ginen mutane.

Abin da ya sa na jure duk wannan, Yaya ce.

Shekara shida ke nan tana keken guragu, tun da ciwon laka ya kwantar mata da ƙafafu. Tsohuwar malamar firamare ce, rabin dattawan cocin ma ta taɓa murɗe musu kunne. Cocin kuwa matakala bakwai gare shi kafin a kai ƙofa. A shekarar farko maza huɗu ke ɗaukarta da keken duk Lahadi. Wata rana ɗayansu ya zame, keken ya karkata, ɗankwalinta ya faɗi, takalminta ɗaya ya gangara har ƙasa, jama'a kuma suka yi caa da sannu. Ba ta faɗi ba, ko ƙwarzane ba ta samu ba. Amma tun daga ranar ba ta sake zuwa ba.

"Ranar da maza huɗu za su sake ɗaukata su shiga da ni cocin nan," in ji ta, "a akwati ne, lokacin ba ni da bakin hanawa."

Da aka ba ni aikin na je na same ta, na ce ranar da za a sake buɗe cocin da hannunta za ta tura kanta tun daga titi har gaban mumbari, babu wanda zai taɓa keken.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Auta, ka taɓa yi mini alkawarin gyara ƙofar banɗakina."

"Ai na gyara."

"Bayan shekara biyu."

Na gina gangarar hawan keke a gefen hagu, tana bin bango a hankali har ta haɗu da faffaɗan dutsen da ke saman matakala. Ban taɓa tsohon dutse ko ɗaya ba. Kar-a-taɓa ta auna, ta sake aunawa, ta gyaɗa kai sau ɗaya, wanda a wurinta daidai yake da guɗa. Na gwada ta da baro ɗauke da buhun yashi biyu, don a lissafina nauyin Yaya ke nan, lissafin da ban taɓa gaya mata ba kuma ba ni da niyya. Na tura baron tun daga titi har cikin coci, sau goma, sumul. Har Fasto na kira ya zo ya gani, ya yi addu'a a kan baron.

Saura mako uku a buɗe, na ɗauko Yaya wata Talata da safe. Ta sa ɗankwalinta na fita. A bakin gangarar ta ce kowa ya ja baya. Ta kama tayoyin da hannu biyu ta fara hawa, ba gaggawa, tana numfashi ta hanci. Ni ina biye da ita kamar kaza mai 'ya'ya. Ta kai sama, ta juya keken ta fuskanci ƙofa, ƙyamare biyu a buɗe, hasken tagogi kwance a kan bencuna. Ta tura. Ƙananan tayoyin gaba suka ce ƙwas, suka tsaya.

Dokin ƙofa ne. Dogon dutse guda ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, tsakiyarsa ta lotsa kamar cokali saboda sawun mutane, ya ɗaga sama da daɓe da yatsu huɗu. Shekara hamsin ina tsallake shi ban san ina tsallake komai ba. Baro kuwa taya ɗaya gare shi babba, kuma duk wanda ya saba tura baro, da ya zo tudu zai ɗan danna hannu ya wuce, kansa ma bai san ya yi ba.

Ta ja baya ta sake turawa. Ƙwas. Ta gwada a karkace. Ƙwas.

Hannuna ya riga hankalina, sai ga shi a mariƙin keken. "Ɗan ɗagawa kaɗan ne kawai, Yaya."

Ta ja birki. "Cire hannunka."

"Yatsu huɗu ne fa."

"Da matakala bakwai da yatsu huɗu duk ɗaya ne a wurina in dai sai an ɗaga ni. Cire hannunka, Auta."

Na cire. Ta leƙa ciki ta ƙofar na ɗan lokaci. Sannan ta juya ta gangara abinta. A ƙasa ta ce, "Gangararka ta yi kyau. Masu baro za su ji daɗin sujada."

Da rana muka taru a bakin ƙofar muna kallon dutsen kamar gawa. Fasto ya kawo shawarar ƙofar gefe, wadda ke fita wurin ajiyar tsintsiya da bokitai, ya ce can ba tudu. Na ce masa in yana da ƙarfin hali ya je ya gaya wa Yaya da bakinsa, matar da ta shiga ta ƙofar nan ranar aurenta ta kuma bi gawar mijinta ta nan. Ya ce shawara ce kawai ya kawo. Kar-a-taɓa ta ce a yi ɗan katako mai gangara da za a riƙa ajiyewa a ɗauke, tunda ƙyamaren ciki suke buɗewa, na dindindin zai tokare su.

Kafinta ya ce, "Katakon kam zan yi shi kafin la'asar. Amma ranar Lahadi sai ta zauna a ƙofa ana neman wanda ya san inda aka jingine shi. Malama, ba ki san matar nan ba. Ni ma ita ta koyar da ni lissafi."

"To a sassaƙe dutsen," na ce.

Kar-a-taɓa ta cire tabarau ta goge. "Malam magini, lotsawar nan da kake gani sawun mutum dubu nawa ne. Ita ce abu mafi daraja a ginin nan, ta fi mini tagogin. Ko ƙwayar yashi ba za a cire daga jikinsa ba."

Bayan sun watse na je ɗakin kayan aiki na tsaya a gaban injin yanka dutse. Ba zan yi ƙarya ba, har na duba wuƙarsa. Minti ashirin ya ishe ni, in ya so a kai ni duk inda za a kai ni. Kafinta ya leƙo da fensir a kunne.

"Injiniya, wa za a yi wa aski?"

"Ba ruwanka."

"In ka yanke shi, ni zan riƙa kai maka abinci gidan yari, amma ba kullum ba. Kuma ka tuna, cikin lotsawar nan akwai sawun gyatumarka. Ita da ba ta taɓa fashin sujada ba, ina jin rabin ramin nata ne."

Na mayar da injin. Ba don maganarsa ba, na gaya masa, don wuƙar ta dakushe ne. Ya ce ai ya gani.

Da yamma na je gidan Yaya. Na tarar da ita a kan gado, keken a kife a gabanta, tana ɗiga wa tayoyin mai da ɗan kwalba. Ban samu wurin zama na kirki ba, sai na zauna a kan akwatin ɗinki, na fara ba da haƙuri da dogon bayani a kan dokokin ofis. Ta bar ni na gama.

"Kai da ka ce gado ka yi," ta ce, "aikin ubanka ma ba ka gane shi."

"Aikin wa?"

"Dutsen nan da ba haka yake ba. Muna 'yan mata mu ke wanke coci ranar Asabar. Mu watsa ruwa mu kore shi da tsintsiya ya fita ta ƙofa kai tsaye, ba abin da ke tare shi. Shekarar da aka yi ruwan da ya shiga har ƙarƙashin mumbari ya jiƙa littattafan waƙa, dattawa suka sa Baba ya ɗaga dutsen. Ni na riƙa ɗebo masa ruwan kwaɓi. Kai lokacin kana tsakar gida ba wando kana cin ƙasa."

"Me ya sa ba ki faɗa da safe ba?"

"Ka tambaye ni? Baro ka tambaya."

Washegari tun kafin leburori su iso ina durƙushe a gaban dokin ƙofa, gwiwata tana tsine mini. Na share ƙurar gindinsa da hannu. Saman dutsen da bakinsa a goge suke sumul, amma yatsu huɗun nan da ke tsaye sama da daɓe kaushi ne da su, sara ne na guduma babu gyara. Babu maginin da zai bar fuskar da za a gani haka. Wannan fuska an yi ta ne don ta zauna a cikin ƙasa. Na sa ƙusa a layin da ke ƙarƙashinsa na karce. Farar ƙasa da farce ma tana marmashewa. Wannan kuwa ƙusar ce ta lanƙwashe.

Da Kar-a-taɓa ta zo na ba ta labarin Yaya.

"Malam, ba zan rubuta 'yayata ta ce' a rahoto ba."

"Kar ki rubuta. Ungo ƙusa."

Ta durƙusa, ta karce, ta sa ɗan burushinta, ta kusantar da fuska har tabaranta ya kusa taɓa ƙasa. Ta daɗe a haka.

"Siminti ne," ta ce, kamar wadda ta ga ɓera a tukunya.

"Wata huɗu kina sa ni ina cire shi a bango, Malama. Kin ce duk inda yake dole ya fita. Ni kuwa mutum ne mai bin doka."

Ta ɗago ta harare ni, amma na ga bakinta yana so ya ci amanarta. Ta ɗauki hoto ya fi talatin, ta fita waje ta yi waya mai tsawo tana kai da kawowa a kan gangarata. Da ta dawo ta nuna mini wani siririn layi kamar gashi a kusa da tsakiyar dutsen, inda lotsawar ta fi zurfi.

"Ka ga tsagar nan? In ya rabe biyu a hannunka, zan rufe wurin nan, babu buɗewa a ranar da kuka sa, kuma sunanka zai hau takarda. Na biyu, mahaifinka ba don wasa ya ɗaga shi ba. In ka sauke shi ruwa ya shigo, da hannunka za ka mayar."

Na ce na yarda.

Ranar Alhamis muka fara. Ta rubuta wa dutsen lamba da alli a gefe, ɗari uku da goma sha ɗaya. Na hana kowa kawo sandar ƙarfe kusa. Da cizal mafi ƙanƙanta na riƙa cin simintin ta ƙasa, tafin hannu ɗaya a lokaci guda, duk inda na rarake Kafinta ya cusa ɗan katako ya tokare, don kada dutsen ya san an raba shi da komai. A ciki na tarar da jan bulo a jere a kan gefensu, babu wanda ya fi wani ko da kaurin takarda. Hannun Baba ne, ko a mafarki na san shi. Simintin kuwa kamar ƙarfe. Mutumin nan bai taɓa yin aiki da tunanin wata rana za a warware ba, balle ya yi zaton ɗan da ya ce ba zai iya riƙe igiyar awo ba shi zai zo warwarewa. Kwana biyu cur ina kwance a ƙofar coci rub da ciki, tumbina yana share daɓe. Mata masu shara suka riƙa tsallake ni suna cewa sannu da ibada.

Ranar Asabar muka zura ɗamarar ɗaure kaya guda huɗu ta ƙarƙashinsa, muka ɗaure su a wani katako mai kauri da Kafinta ya shimfiɗa a kan jak biyu na mota, ɗaya na Fasto ɗaya na wani mai tasi. Ni a wannan jak, Kafinta a wancan.

"Rabin juyi," na ce. "In ka wuce ni, na rantse sai na gaya wa matarka inda kake shan shayi."

"Kai dai kula da naka, Injiniya."

Rabin juyi, mu tsaya. Rabin juyi, mu tsaya. Kar-a-taɓa tana kwance a ƙasa da tocila a kan tsagar, ta manta da tsabtar siket ɗinta. Can dutsen ya yi wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an taka busasshen ganye. Muka daskare. Gumi ya sauko mini daga gira ya shiga ido, ban iya gogewa ba.

"Ba shi ba ne," ta ce bayan wani lokaci. "Guntun siminti ne ya saki. Ku ci gaba."

Da ya tashi da kamu ɗaya muka kwashe bulon Baba, goma sha takwas. A ƙarƙashinsu ga tsohon makwancin dutsen, farar ƙasa lafiyayya, har da shatin gindinsa a jiki. Na kwaɓa sabuwa na shimfiɗa, muka sauke shi rabin juyi rabin juyi. Ya zauna daidai da daɓe kamar wanda ya dawo gida daga doguwar tafiya. Kar-a-taɓa ta tara bulon ta ce su ma tarihi ne yanzu, sai an ba su lamba. Baba da ya ji wannan da ya yi dariya har ya ƙware.

Na ba farar ƙasar mako guda ta kama, sannan muka zo gwajin ruwa. Na sa aka hau tsani da bokitai aka kwara a rufin da ke saman ƙofa. Ina tsaye a ciki ina murmushi. Ruwan ya sauko, ya taru a kan faffaɗan dutsen waje, ya yi ɗan tunani, sannan ya miƙe ya bi ta lotsawar ya shigo coci ya jiƙa mini takalmi.

Na juya na kalli Kar-a-taɓa. Agogonta kawai ta duba. Saura kwana takwas.

A ranar na yi abin da ya kamata a yi shekara hamsin da suka wuce, wato na bi ruwan in ga daga ina yake. Indararon da ke saman ƙofa ya tsage ta baya, maimakon ya jefa ruwa can gaba sai ya zubo shi a bango. Faffaɗan dutsen waje kuma ya ɗan nutse ta wajen ƙofa, kaurin ashana biyu, don haka duk abin da ya zuba a kansa ciki yake nufa. Baba an ce masa ya tare ruwa, ya tare. Babu wanda ya ce masa ya tambayi ruwan dalili. Muka sake ɗauko jak, mai tasin yana ta ƙorafi, muka ɗaga dutsen waje muka gyara masa zama ya koma kallon titi. Na hau tsani da gwiwar nan tawa na ɗinke indararon. Ranar Laraba aka kwara bokiti goma sha biyu. Na shimfiɗa takardar jarida a cikin ƙofa. Ta tashi a bushe.

Wannan karon ban nemi baro ba. Na je na ce Yaya ta ara mini keken na awa biyu.

"Ƙafafuna kake cewa in ara maka."

"Zan dawo da su da mai."

Ta auna ni da ido daga sama har ƙasa. "In ka fasa mini taya da wannan cikin, kar ka dawo gidan nan."

Na zauna a ciki a bakin titi, na ce kowa ya ja baya. Gangarar da na yi ta yabon kaina a kanta, kafin in kai rabi kafaɗuna sun kama wuta, keken kuma sai neman bango yake. Kafinta ya jingina da tsani yana dariya har da hawaye. Na kai sama ina haki kamar wanda aka koro. Na saita keken a tsakiyar ƙofa na tura. Tayoyin suka bi ta gefe da gefen lotsawar, inda ƙafa ba ta cika takawa ba, ramin ya wuce ta ƙarƙashina. Ko girgiza ban ji ba. Na fita na sake shiga sau biyar. A na shida Kar-a-taɓa ta ce in tashi ita ma ta gwada.

Yaya ta ƙi jiran ranar buɗewa. Ta ce ba za ta yi gwaji a gaban taro ba, an taɓa kallonta sau ɗaya ya isa. Ranar Juma'a da hantsi ta zo, da ɗankwalin nan dai na fita. Na cusa hannuwana biyu a aljihu, na damƙe yadin wandona ta ciki. Na ɗaga dutse mai nauyin mutum shida a rayuwata, amma ban taɓa aikin da ya kai riƙe hannuwan nan wuya ba.

Ta hau gangarar, ta fi ni sauri nesa ba kusa ba. A sama ta juya ta fuskanci ƙofa, ta tsaya tana kallon dutsen.

"Haka yake da," ta ce, ba da ni take ba.

Ta tura. Ta wuce.

Ba ta waiwayo ba. Ta bi tsakiyar coci a hankali, tayoyin suna 'yar ƙara a kan daɓe, har layi na uku a hannun dama, inda gyatumarmu ke zama. Kafinta ya riga ya rage tsawon bencin wurin, da izinin Malama da hoto da lamba, ya bar gurbin keke a cikin layi. Ta shiga gurbin ta ja birki. Ta ɗora hannuwanta a cinya. Mu kuwa muna tsaye a bakin ƙofa. Kar-a-taɓa ta ɗaga kyamara, sai kuma ta sauke ba ta ɗauka ba.

Da Yaya ta yi magana, ba ta juyo ba.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Bangon nan na hagu, wa ya shafe shi? Kamar an yi da tafin ƙafa."

"Ni ne."

"Na sani. Zo ka gani da idonka. Ko sai an ɗauko ka?"

Na zare hannuwana daga aljihu na nufi ciki. A bakin ƙofa ƙafata ta ɗaga da kanta, yadda ta saba shekara hamsin, ta tsallake yatsu huɗun da babu su, na yi tuntuɓe da iska na tafi taga-taga sai da na kama benci.

"A hankali, Injiniya," in ji Kafinta daga baya. "Ko a kira maza huɗu?"

Ranar Lahadin buɗewa na tsaya a gefen ƙofa ina kallon jama'a suna shiga. Dattawa, mata, mawaƙa, har Fasto da rigarsa, kowa sai ya ɗaga ƙafa ya tsallake babu. Mutum ɗaya ce kawai ta shiga daidai a kekenta, kuma ba ta ko kalle ni ba, tana sauri kada a fara waƙar farko babu ita.